Ya gama sakandare yana so ya zauna shekara guda kafin jami'a: a bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarona ne ya gama sakandare bana a nan Kano, shekararsa 17, burinsa ya karanta injiniyan lantarki. Ya ci 176 a JAMB. WAEC ta yi kyau in ban da lissafi da ya samu D7, a NECO ma lissafin bai fita ba. Yanzu ga Satumba ta kama, ya ce a bar shi ya yi shekara guda yana koyon haɗa sola a wajen wani maƙwabcinmu kafin ya sake neman jami'a, wai haka yaran Turai suke yi. Baffansa ya ce a'a, a tura shi duk makarantar da ta ɗauke shi ko wane kwas ne, kada ya lalace a gida. Mahaifinsa ya ce in nemi shawarar masu ilimin abin. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya shi, ya shirya mana su baki ɗaya.

Takardun yaron sun riga sun yanke rabin gardamar da ake yi a gidanku. Babu jami'ar da za ta ba shi gurbin injiniya da D7 a lissafi. Kiredit daga A1 yake farawa ya tsaya a C6, D7 da E8 kuwa tsira daga faɗuwa ce kawai, ba a sa su cikin kiredit biyar ɗin da ake nema. A fannin da yake so, dole biyar ɗin su haɗa da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Ko 300 ya ci a JAMB, D7 ɗin nan za ta tsayar da shi a bakin ƙofa. Ita ma 176 ɗin ba ta kai ba. Gaskiya ne a 2025 an sa 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma wannan ƙasan tudu ne. A kwasa-kwasan da ake rububi, irin injiniya da likitanci a BUK ko ABU, wanda bai kai 200 ba da wuya a ko waiwayi sunansa. To shekarar nan ta riga ta hau kansa, ko ya so ko bai so ba. Abin da ya rage muku shi ne yadda za a ci ta.

Tsoron Baffansa ba na banza ba ne, kada a raina shi. Duk malamin da ya daɗe a sakandare ya san yaron da aka yaye da kaifin kai, ya zauna gida, barci har hantsi, waya a hannu har tsakar dare, yamma majalisa, Asabar da Lahadi gidan kallon ƙwallo. Watan Afrilu na zuwa ya sake zama JAMB ya ci ƙasa da na bara, kowa ya yi ta mamaki, alhali ba abin mamaki a ciki. Sai dai maganin da Baffa ya kawo shi ma yana da tasa illar. Yaron da aka cusa a kwas ɗin da ba ya so don kawai a ce ya shiga makaranta, sau da yawa da kariyoba, wato darussan da ya faɗi zai maimaita, yake ƙare shekarar farko, ko kuma ya riƙa zuwa aji da rabin zuciya yana shirin sake JAMB a ɓoye. An biya kuɗin rajista, an biya na mota, shekarar kuma ta tafi duk da haka. Canjin sashe bayan an shiga, musamman daga wani fanni zuwa injiniya, ba abu ba ne da zan ce ki dogara da shi.

Maganar Turai da ya kawo gaskiya ce, amma rabinta ya ji. A Ingila ɗalibi yana neman jami'a ta hukumar UCAS tun yana ajin ƙarshe, ya nuna cewa sai baɗi yake so ya fara. Idan jami'ar ta yarda, gurbinsa na ajiye, ya tafi aikinsa ko yawonsa da takardar ɗauka a aljihu. A Amurka ma haka: Malia, 'yar tsohon shugaba Obama, ta gama sakandare a 2016, ba ta shiga Harvard ba sai 2017, amma tun kafin ta tafi hutun an san inda za ta. Mu a nan ba mai ajiye wa kowa kujera. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in zangon ɗaukar ya wuce ya mutu. Ɗage karatu da jami'o'inmu ke yarda da shi yawanci sai bayan ka karɓi gurbi, ka biya kuɗi, ka yi rajista, sannan ka kawo dalili mai ƙarfi kamar rashin lafiya, majalisar jami'a ta duba. Yaronki kuwa bai ma samu gurbin ba balle a ɗage masa.

Wannan ya kawo mu kan kalanda, wadda ita ce yara ba sa dubawa. Idan ya ce zai ajiye littafi shekara guda cur sannan ya nemi jami'a, shekara biyu ke nan ya zubar bai sani ba, domin jarrabawar da za ta shigar da shi baɗi ba a ƙarshen baɗin ake yin ta ba. Ana buɗe rajistar JAMB wajen ƙarshen Janairu ko Fabrairu, a zauna jarrabawar a Afrilu zuwa Mayu. Kafin nan kuma akwai lissafin da zai gyara, jarrabawar gyaran a ƙarshen shekarar nan take. Daga Satumba zuwa Afrilu ke nan yana da manyan jarrabawa biyu a gabansa. Lokacin da zai samu sarari na gaske shi ne bayan JAMB, daga Mayu har zuwa sa'ad da za a yi tantancewa a kira sababbin ɗalibai, wanda a jami'o'i da yawa yakan kai ƙarshen shekara ko ya ɗara. Shi yana tunanin sana'a tukuna, karatu daga baya. Ni na ce a juya: wata bakwai na farko littafi ne babba, sola rabin yini, bayan JAMB ya shiga solar da ƙafa biyu, yana da wata shida ko fiye da ba mai ce masa komai.

Abin da ya fi gaggawa a makon nan shi ne rajistar jarrabawar 'yan waje, wadda kowa ke kira GCE. NECO tana yin tata wajen Nuwamba da Disamba, WAEC ma tana da ta ƙarshen shekara, sannan tana da wata a farkon shekara wajen Janairu zuwa Fabrairu wadda za ta iya zama masa madogara in ta farkon ba ta yi ba. Rajista tana rufewa tun da sauran lokaci, shi ya sa na ce makon nan. Yawancin jami'o'i suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, ko da ɗaya WAEC ne ɗaya NECO, saboda haka lissafin kaɗai ya isa ya buɗe masa hanya. Duk da haka ya zauna darussa biyar ɗin da gaske, don akwai jami'o'in da ke fifita mai zama ɗaya wajen tantancewa. Za a zo miki da zancen wata santa, wato cibiyar jarrabawa, da ake rubuta wa yara amsa a allo in an ƙara kuɗi. Ki toshe kunne. Ban da haramci da haɗarin a riƙe sakamakon santar gaba ɗaya, yaron da zai karanta injiniya lissafi zai tarar tun ranar farko, wanda ya fi na sakandare nauyi nesa ba kusa ba. Wanda aka saya wa C4 a nan ake gane shi, kuma a nan ake sallamarsa.

Ki nema masa malamin lissafi na kansa, ko da sau uku ne a mako, kuma ki roƙi malamin kada ya fara da tambayoyin ajin ƙarshe. Ya fara gwada shi da na ƙaramar sakandare. Abin da na fi gani ga masu D7 ba wahalar manyan darussa ba ce, rami ne da aka baro tun baya. Ka ba yaro ya haɗa rabi da kashi ɗaya cikin uku, ya rubuta maka biyu bisa biyar. Ka ce ya tsallakar da lamba zuwa ɗaya gefen alamar daidai, ya manta bai sauya alamarta ba. Da irin wannan ramin duk abin da aka ɗora a sama rushewa yake. In an toshe shi cikin mako uku ko huɗu, sauran yakan zo da sauri har yaron ya yi mamakin kansa. A tuna masa kuma cewa a takardar rubutu ana ba da maki kan matakan aiki, ba kan amsar ƙarshe kaɗai ba, ya daina yin lissafi a ka yana rubuta amsa tsirara.

Akwai aikin takardu da iyaye ba sa kula da shi sai ya zama matsala. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ranar haihuwar da ke kan NIN su JAMB ke ɗauka. Ki ɗauko takardar NIN ɗinsa da sakamakon WAEC ki ajiye su gefe da gefe. Jerin sunaye iri ɗaya ne? Muhammad ne a nan Mohammed a can? Ranar haihuwa ta yi daidai? In akwai saɓani, gyara a hukumar NIMC yana cin lokaci, yanzu ne lokacinsa, ba ranar da ake layin rajista ba. Layin wayar da ya yi rajistar bana da shi a adana shi, a riƙa sa masa kati kada a rufe shi. Kada a bar mai shagon intanet ya sa lambarsa ko imel ɗinsa a madadin na yaro, don ta nan saƙon gurbi ke zuwa. Idan sabon sakamakon lissafi ya fito, a je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinsa. Tun 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta manhajar JAMB mai suna CAPS ake yin ta, kuma wanda ba a ga sakamakonsa a can ba ba a ba shi gurbi komai makinsa. Duk wanda ya ce zai samo masa gurbi ta bayan fage ba ta CAPS ba, wahala yake saya masa, domin ranar tafiya bautar ƙasa za a nemi sunansa a rajistar JAMB.

Solar kuwa, na yaba da zaɓinsa. Da cewa ya yi zai zauna a shagon POS, da na ja da baya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 janareta ya gagari mutane da yawa, aikin sola ya bunƙasa a Kano, kuma sana'a ce da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da yake so ya karanta. Amma zuwa wajen ubangida daban, koyo daban. Yaro zai iya yin shekara yana ɗauko tsani, yana miƙa sukundireba, yana sayo ruwan leda, ya fito bai san dalilin da ya sa aka jera faifan sola a haka ba. Ki saya masa littafin rubutu da ƙaramar mitar gwada wuta tasa ta kansa. Duk gidan da suka je aiki ya rubuta kayan da ke cikinsa da abin da kowanne ke ja. Fanka mai wat 60 in ta kwana tana juyawa awa 10, ta ci wat-awa 600. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma in irin na ruwa ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saura 1,200 ke nan. Fanka biyu sun cinye shi kafin asuba, ba a ma kunna ƙwai ko ɗaya ba. Yaron da ya yi wannan lissafin da hannunsa a gidan mutane, ya ga maigida yana faɗa don wuta ta ɗauke da tsakar dare, ba zai sake kallon babin lantarki na fiziks a matsayin hadda ba. Jera faifai a layi ɗaya ko a gefe da gefe, da yadda kowanne ke sauya ƙarfin wuta, tambayar JAMB ce a zahiri.

Mahaifinsa ya taka da kansa ya je wajen maƙwabcin, a yi magana ta manya. A faɗa masa tun farko cewa yaron nan ɗan makaranta ne, aro aka ba shi. A tsayar da awannin zuwa da na tashi. A gaya masa cewa mako shida kafin kowace jarrabawa yaron ba zai zo ba. A yi maganar hawa rufin kwano da taɓa waya mai wuta, kada a sa sabon shiga abin da bai kai ba. In ba a yi wannan zaman ba, ranar da babban aiki ya faɗo a Bichi ko Wudil za a tafi da shi kwana uku, malamin lissafi yana zaune yana jira.

Babban abin da nake ji masa tsoro ba wahalar aikin ba ce, daɗin kuɗin ne. Yaron da bai taɓa riƙe nasa ba, yau an gama aiki an miƙa masa ihsani, gobe ya ɗaura wa wata maƙwabciya ƙwai biyu ta ba shi na kati. Kafin wata uku ya fara cewa ai masu digirin ma ga su nan suna yawo da takardu. A nan yawancin masu cewa shekara ɗaya kawai suke ɓacewa. Taura biyu ba ta taunuwa, shi ya sa na ce kafin Afrilu a san wadda ke baki. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ɗaura kuɗin da karatun: duk abin da ya samu a raba, kashi ɗaya a ajiye a wajenki da sunan kuɗin fom da na rajistar jami'a. Wanda ya sayi fom da guminsa ba ya makara ranar jarrabawa.

Daga Janairu shirin JAMB zai karɓi ragama. Tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. In kin raba, daƙiƙa 40 ke nan kan kowace tambaya, ga lissafi da fiziks da ke son a yi aiki a takarda. Da yawa daga cikin masu 170 da wani abu ba rashin sani ne ya kayar da su ba, lokaci ne ya ƙare suna da sauran tambayoyi rututu. Maganinsa gwaji da agogo, a kan kwamfuta, ba a waya yana kishingiɗe ba. Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma ana iya gama ta da 'yan maɓallai: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya. Ya saba da su har yatsunsa su daina neman linzami. Ya yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gasken. Ya sauke manhajar darussa daga shafin hukumar ya riƙa bi yana kashe abin da ya gama. Turanci kuma, inda yaranmu suka fi zubar da maki, ba a gyara shi da haddar ma'anar kalmomi a mako biyu. Ya riƙa karanta shafi biyu ko uku na rubutun kirki kullum tun daga yau, littafin labarin da JAMB ke sawa kuma ya karanta shi da kansa, kada ya tsaya kan taƙaitawar da ake yaɗawa a WhatsApp. Kada 176 ta karya masa gwiwa: a 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Wanda ya ƙara maki 50 ko 60 ya fita daga cikin taron.

Wajen cike fom a yi tunani, kada a bar wa mai shagon intanet. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a boko. Ɗan Kano da ya zaɓi BUK yana da wannan rangwamen na yanki, amma yana gogayya da dubban 'yan Kano irinsa. Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil ta jiha ce, kuma kimiyya da fasaha ne aikinta. Yawancin jami'o'i wanda ya sa su a zaɓin farko kaɗai suke dubawa, don haka zaɓin farkon ya dace da makin da yake ci a gwaje-gwajensa, ba da sunan da ya fi daɗin faɗa a unguwa ba.

Duk wannan da na zayyana yana buƙatar babba a gida mai ido a kansa. Idan kin san ba za a samu ba, ke kina aiki, mahaifinsa yana kasuwa har dare, to akwai hanyar da ta fi zaman gida. Shirin IJMB, wanda ABU Zariya ke kula da shi, kusan shekara guda ne ana karanta darussa uku, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Akwai makarantar share fage ta ABU a Funtuwa, akwai kwalejin share fage ta CAS a nan Kano. Sai dai ki san abu biyu: guraben shiga kai tsaye ba su da yawa, kuma IJMB ba ta wanke D7, dole dai a gyara lissafin. A kuma yi hattara da masu buɗe shago su kafa allon IJMB, a tabbatar cibiyar tana cikin waɗanda aka amince da su kafin a biya ko kwabo. Diflomar lantarki a kwalejin fasaha ita ma hanya ce mai kyau ga yaro mai son aikin hannu, shekara biyu, daga nan ya nemi jami'a ko ya ci gaba zuwa babbar difloma.

In yana da sauran izu a haddarsa, bayan asuba zuwa fitowar rana ba wanda ya nemi wannan lokacin, kuma yaron da ke tashi don tilawa ba ya kai ƙarfe biyun dare a waya. Masu 'ya'ya mata da ke karanta wannan su ninka duk abin da na faɗa: yarinyar da ta zauna gida ba tsari, aikin gida ne ke cinye yininta, kafin shekara ta zagayo an fara sallama da ita a ƙofar gida, zancen JAMB ya bi ruwa ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba.

Shekarunsa ba abin damuwa ba ne. Zai shiga yana 18, injiniya shekara 5 ce, ya fito yana 23 in ba a samu tsaiko ba. Ko an samu irin yajin aikin ASUU na 2020 da ya ci wata tara, ko na 2022 da ya ci wata takwas, yana da tazara mai yawa kafin shekara 30 da ke hana zuwa bautar ƙasa. Shekara ɗaya ba ta da tsada. Ta biyu da ta uku su ne masu tsada, kuma ba wanda ke shirya su, lallaɓowa suke yi. Don haka tun yanzu, gaban mahaifinsa da Baffansa, a yanke abin da za a yi in makin baɗi bai kai na injiniya ba: fiziks zai karɓa, ko difloma, ko IJMB. A rubuta a ajiye. Shi kuma Baffa, tunda shi ne mai tsoron kada yaro ya lalace, a ba shi aiki: duk ƙarshen wata yaron ya kai masa makin da ya ci a gwajin kwamfuta da littafin solarsa, ya buɗe ya duba ya yi masa tambayoyi.